Ziyara Zuwa Bisley, Inda Ake Toshe Kunne Kafin A Taɓa Bindiga

Na san da kika ci karo da kalmar bindiga a wannan shafi sai da gabanki ya faɗi, kuma ba zan ga laifinki ba. A 'yan shekarun nan babu abin da ya sa iyaye mata zubar da hawaye a yankinmu kamar ta. Sai dai duk da haka 'ya'yanmu ne ke shiga aikin soja da na ɗan sanda da kwastan da sauran ayyukan damara. Kowace shekara uwaye na sallamar 'ya'yansu da addu'a da ƙullin dambun nama zuwa barikin horar da kuratan soja da ke Zariya, ko makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna, ko ta 'yan sanda da ke Wudil. Kowane ɗayansu akwai ranar da za a jera shi a filin harbi a miƙa masa bindiga mai harsashin gaske. A wannan rana me ya kamata ya kasance a kunnensa, da idonsa, da jikinsa? Wa ke tsaye a bayansa? In ya dawo hutu me zai iya shigo miki da shi gida a jikin kayansa ba tare da ya sani ba?

Domin samun amsa, ki gyara zama mu yi tafiya zuwa wani wuri a ƙasar Ingila da aka shafe sama da shekara 130 ana koyon harbi a cikinsa. Sunan wurin Bisley.

Hanyar zuwa

Daga tashar Waterloo da ke tsakiyar Landan za ki hau jirgin ƙasa mai nufar kudu maso yamma. Kafin awa ɗaya ta cika kin wuce garin Woking kin sauka a wata ƙaramar tasha mai suna Brookwood, a gundumar Surrey. Yankin ba baƙo ba ne ga Musulmi. A Woking ne aka gina masallacin Shah Jahan a 1889, masallaci na farko da aka gina musamman domin salla a Birtaniya. Ƙofar kudu ta tashar Brookwood kuwa kai tsaye take buɗewa cikin wata katafariyar maƙabarta, inda aka binne Abdullah Yusuf Ali da Marmaduke Pickthall, waɗanda suka fassara Alƙur'ani zuwa Turanci.

Daga tasha tafiyar 'yan mintuna ce a tasi. A da har da ɗan layin dogo da ke kai mutane cikin sansanin, amma an rufe shi a 1952. Kina matsowa za ki fara jin tas, tas, daga nesa, kamar ana faskare a bayan gari. Da kin shiga ƙofa abin da zai ba ki mamaki shi ne wurin bai yi kama da bariki ba. Tituna ne ƙanana masu itatuwa, da ciyawa a gyare, da tsofaffin gidaje na katako da kwano masu faffaɗar baranda, irin waɗanda Turawan mulki suka bari a tsofaffin unguwannin GRA na Kaduna da Jos. Kusan kowane gida na wani kulob ne na maharba. Ga dattawa zaune a baranda suna shan shayi, ga 'yan makaranta maza da mata suna wucewa da dogayen jakunkuna a kafaɗa. A cikin jakunkunan nan bindigogi suke, an zuge su, babu harsashi a cikinsu. Ba za ki ga wani yana yawo da bindiga tsirara yana wasa da ita ba, domin wanda ya gwada haka ranar zai bar wurin.

Yadda aka yi aka zo nan

Ƙungiyar maharba ta Birtaniya, wadda ita ke da wurin, an kafa ta ne a 1859. Gasarta ta farko an yi ta a 1860 a filin Wimbledon, unguwar nan da yau aka fi sani da wasan tanis. Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe gasar da harbin farko, kuma ba ta ɗauki bindigar a hannu ba. An ɗaure bindigar ne a kan wani ƙarfe, aka saita ta ga allon da ke nisan yadi 400, Sarauniya ta ja wata igiyar siliki da aka ɗaura wa kunamar. Ita ce kuma ta sa kyautar fam 250 ga gwanin gwanaye, kyautar da har gobe ake kira da sunan mai sarautar Ingila.

Da Landan ta yi ta faɗaɗa, gidaje suka matso kusa da filin Wimbledon, mazauna suka fara ƙorafi a kan ƙara da kuma haɗarin harsashin da ya kauce. Sai aka tattara aka koma Bisley a 1890, dajin da ba kowa, mai ƙasa rairayi da ba ta noma. Wannan ƙaura kaɗai darasi ce. Kayan kariya na farko a filin harbi shi ne filin kansa, wato wadataccen wuri da babu mutum a bayan abin da ake harbi.

Tun daga lokacin an yi gasar harbi ta Olamfik a nan a 1908 da 1948, da ta ƙasashe renon Ingila a 2002. Kowane watan Yuli maharba daga ƙasashe da dama suna taruwa domin babbar gasar shekara. Wanda ya ci kyautar Sarki akan ɗora shi a kujera a ɗaga a kafaɗa, a zaga da shi kulob-kulob da kiɗan badujala. A 1930 wata mata mai kiwon kaji, Marjorie Foster, ita ce ta hau kujerar nan bayan ta doke maza, yawancinsu tsofaffin sojoji. Ita ce mace ta farko da ta ci kyautar.

Jan tuta da tudun rairayi

Manyan filayen Bisley biyu ne. Akwai Century, mai allunan hari sama da 100 a jere, inda ake harbi har zuwa nisan yadi 600. Akwai Stickledown, inda nisan ke kaiwa yadi 1200, wato ya ɗara kilomita ɗaya. In kika tsaya a nan allon da ya fi mutum tsawo za ki hango shi kamar ɗan kan sarki a jikin ambulan.

Ki ɗaga kai ki duba tutoci. Dogayen da ke jere a gefen fili na nuna wa maharbi inda iska ta nufa da ƙarfinta. Jar tuta kuwa gargaɗi ce cewa ana harbi, kada kowa ya ƙetare iyaka. Bayan allunan akwai doguwar ganuwa ta rairayi wadda harsasai ke nutsewa a ciki. Bayan ganuwar kuma daji ne mai faɗin gaske da aka killace, domin harsashin babbar bindiga in ya tsallake yana iya tafiyar kusan kilomita 4, na ƙaramar bindiga ma yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Saboda mutane ba sa shiga, dajin ya zama mafakar tsuntsaye da ƙadangaru da barewa, kuma a ƙarshen bazararsu furanni kan rufe shi da launin shunayya.

A ƙarƙashin allunan, cikin wani dogon rami da aka kāre da ƙasa da kankare, akwai mutanen da aikinsu shi ne su sauko da allo bayan kowane harbi, su liƙe hudar da takarda, su sa alamar inda harsashi ya faɗa, su mayar da shi sama. Harsasai na wucewa ta saman kansu yini guda, kuma da yamma su koma gida lafiya. Abin da ke tsare su shi ne kaurin bangon, da rediyon oba-oba da ke haɗa su da jami'in da ke kula da layin maharba, da dokar cewa babu mai leƙo kai sai an ba da izini.

Kunne, kafin komai

Tun kafin ki kai layin harbi za ki ga alluna suna cewa daga nan sai da kariyar kunne. Dokar ta hau kan kowa, da mai harbi da mai kallo da yaron da aka riƙo wa hannu.

Ga dalili. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar da kike yi da maƙwabciya ba ta wuce 60. Daga 85 zuwa sama, in mutum ya daɗe a ciki kullum, jinsa na fara raguwa. Ƙaramar bindiga tana kaiwa wajen 140, manya kuma suna haura 160. A wannan mataki harbi ɗaya tak ya isa ya yi ɓarna. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda su ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma har yau babu maganin da ke dawo da su. Abin takaicin shi ne ba jini, ba ciwo. Yaro zai ji kunnensa na ƙugi kamar kukan gyare, bayan kwana biyu ya lafa, ya ɗauka ya wuce. Sai bayan shekaru matarsa ta lura kullum sai ya ƙure sautin rediyo, kuma in ana hira cikin taro sai ya yi ta cewa “na'am?” Wasu kuma ƙugin ba ya barin su har abada, ya hana su barci.

Kariyar iri biyu ce. Akwai ɗan soso da ake cusawa a ramin kunne, akwai kuma mai kama da abin sauraron waƙa da ke rufe kunnuwa duka biyu. Soson yana da arha ƙwarai, amma sai an iya sa shi. A murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura shi ciki, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cike ramin. Wanda aka manna a baƙin kunne kawai ado ne. Audugar da mukan tura a kunne kuwa ba ta tare irin wannan ƙara. A Bisley za ki ga da yawa suna haɗa biyun, soso a ciki marufi a waje, musamman a ɗakunan harbi na cikin gini inda ƙara ke dukan bango ta dawo. Akwai kuma marufi mai batir, wanda ke barin muryar malami ta shiga amma ya datse ƙarar harbi.

Ga mai ɗiya mace a wannan aiki, ki riƙe wannan. Marufin kunne sai ya manne da fata yake aiki sosai. In aka ɗora shi a kan hijabi ko ɗankwali mai kauri, ko a kan tulin kitso, iska na samun hanya, ƙara ma haka. Mafita ita ce ta fara sa soso a ciki, sannan hijabi marar kauri, sannan marufin. Ba sai ta cire lulluɓinta ba.

Ido, wuya da ƙafa

Abu na biyu tabarau ne. Duk harbi yana fitar da hayaƙi mai zafi, da ɓurɓushin albarushi, da ɗigon mai. In ana harbin faifan ƙarfe ko faifan yumɓu da ake cillawa sama, ɓaraguzai na iya dawowa. Tabarau na gayu da ake saya a bakin titi, ko na gilashi, zai iya tarwatsewa ya ƙara wa ido rauni. Na kariya da wata roba mai tauri ake yin sa, wadda ake kira polikabonet, kuma yana zagayowa ya rufe gefen ido. A jikin na kirki za ki ga an buga lambar inganci, EN 166 a na Turai, Z87 a na Amurka. Mai amfani da tabarau na likita akwai wanda ake ɗorawa a kan nasa.

Sai sutura. Bindigogi da yawa suna tofar da kwanson harsashi gefe bayan kowane harbi, kuma kwanson nan da zafi yake fita kamar garwashi. Ƙunar da zai yi ƙarama ce. Haɗarin shi ne abin da mutum zai yi in ya faɗa masa cikin riga alhali yana riƙe da bindiga mai harsashi: ya zabura, ya juyo, bakin bindiga ya koma kan na kusa da shi. Shi ya sa ake son riga mai rufaffen wuya, da hular hana-salla wadda bakinta ke hana kwanso faɗawa tsakanin tabarau da ido, da takalmi sau-ciki. Silifa ba shi da wuri a nan. Babbar riga mai hannu har ƙasa da gyale mai kaɗawa su ma a ajiye su, hijabi kuma a cusa gefensa cikin riga domin kada ya sarƙe da wani abu.

Masu harbin nesa a kwance suke yi, don haka za ki gan su da tabarmar roba, da jaket mai kauri a kafaɗa da gwiwar hannu, da safar hannu ɗaya, da maɗaurin da ke ɗaure bindiga da damtse, da madubin hangen nesa a gefe. Waɗannan na taimaka wa saiti da jin daɗin jiki. Mai koyo zai iya aron su a kulob. Kariyar kunne da ta ido kuwa gara kowa ya mallaki nasa.

'Yar robar da ke magana

Akwai wani ɗan abu da zai ja hankalinki: wata 'yar roba mai launin ja ko ruwan lemo da ke leƙowa daga cikin kowace bindigar da ba a harbi da ita. Ana cusa ta ne a daidai gurbin da harsashi ke zama. In tana ciki harsashi ba shi da wurin zama, kuma kowa daga nesa zai gani da idonsa cewa bindigar fanko ce. Wasu ma sukan zare ƙarfen da ke kulle harsashi, wato sakatar bindigar, su sa a aljihu. Kafin maharbi ya tashi daga layi sai wani ya leƙa cikin bindigarsa ya tabbatar. Ko ya shekara 40 yana harbi sai an duba, kuma ba ya jin an raina shi. Sau tari in tsautsayi ya faru da bindiga, abin da mai ita ke faɗa shi ne ya ɗauka babu harsashi. An yi 'yar robar nan ne domin kada a dogara da zato.

Mai iko a fili shi ne jami'in kula da layi, wanda yakan sa riga mai ƙyalli don a gane shi. Sai ya ce a sa harsashi ake sawa, sai ya ce a fara ake farawa. In aka ga haɗari, kalmar tsayawa ake faɗa da ƙarfi sau uku, kuma kowa na da ikon faɗarta, har ɗan koyon da ya zo yau. Da an ji ta kowa zai cire yatsa daga kunama ya tsaya yadda yake. Sabon shiga kuma ana fara cusa masa ƙa'idoji huɗu: ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka nufin harbi, yatsa ba ya taɓa kunama sai lokacin harbi, kuma ka san abin da kake hari da abin da ke bayansa. In an ja kunama bindiga ta ƙi tashi, ba a juyo da ita a leƙa. A bar bakinta na kallon allo aƙalla daƙiƙa 30, domin wani harsashin yakan yi jinkiri kafin ya tashi.

A kusa da jami'in akwai akwatin agajin gaggawa da hanyar kiran motar asibiti. Akwatin filin harbi ya wuce na filasta da aidin. Ana son a samu bandeji mai matse rauni, da maɗaurin tsayar da jini wanda ake ɗaurawa a hannu ko ƙafa a saman rauni a murɗa har jini ya tsaya, a kuma rubuta lokacin da aka ɗaura. Zubar jini daga babbar jijiya na iya kashe mutum cikin 'yan mintuna, kafin a kai ga kowane asibiti, don haka dole a samu wanda ya koyi amfani da kayan a wurin.

Gubar da ke bin mutum gida

Wannan sashe ya fi shafar ki kai tsaye, uwargida. Yawancin harsasai da dalma ake yin su, kuma sinadarin da ke tayar da harsashi shi ma sau da yawa akwai dalma a ciki. Kowane harbi na barin ƙura marar ganuwa a hannu, da fuska, da gashi, da tufafi, da tafin takalmi. Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 a jihar Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar filin harbi ba ta kai wannan yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi.

Shi ya sa a ɗakunan harbi na cikin gini ake sa na'urar da ke tura iska daga bayan maharbi zuwa wajen alluna. Ba a ci, ba a sha, ba a shan taba a layi. Da an gama sai wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci. Mai ciki da mai shayarwa ana ba su shawarar su haƙura da filin harbi har sai daga baya. In ɗanki ko maigida ya dawo daga atisaye, takalmin ya tsaya a waje, kakin a wanke shi daban da kayan yara, shi kuma ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri. Sabulu da bokitin ruwa su ma kayan kariya ne, kuma su kam suna hannunki.

Kabad mai makulli

Kada ki ɗauka Ingila ta kai nan ne ba tare da ta yi kuka ba. A ranar 13 ga Maris 1996 wani mutum mai lasisin bindiga ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na yankin Sikotland ya kashe yara 16 da malamarsu. Iyaye suka tashi tsaye da takardar koke, kuma a 1997 aka haramta wa farar hula mallakar kusan duk ƙananan bindigogin hannu. A yau wanda ke son shiga kulob irin na Bisley sai ya yi aƙalla wata uku yana ɗan gwaji, yana harbi ƙarƙashin idon wani, kuma ana sanar da 'yan sanda sunansa. In zai mallaki tasa sai an bincika lafiyarsa da halinsa, sai ya kawo masu tsaya masa, sai kuma ya tanadi kabad na ƙarfe da aka ɗaure da bango, harsasai a kulle daban. 'Yan sanda kan zo gida su gani da idonsu.

A wajenmu ma mallakar bindiga ba bisa izinin hukuma ba laifi ne. Amma akwai gidaje da dama da take kwana a ciki bisa ƙa'ida: gidan ɗan sanda, gidan soja, gidan maharbi mai bindigar toka. Ƙarƙashin katifa da saman sif da bayan ƙofa duk wurare ne da yaro ɗan shekara biyar ya riga ya sani. Ki yi wa maigida magana cikin lalama a samo akwati mai kwaɗo, a raba bindiga da harsashi, makulli kuma ya zauna a jikinsa. Ki koya wa yara cewa in sun ga bindiga ko harsashi a ko'ina, kada su taɓa, su bar wurin, su gaya wa babba. Haka nan a wajen biki ko hawan salla, in masu bindiga sun fara ɓarin albarushi, ki ja yaranki nesa ki rufe wa na goye kunne. Wanda kuma ke harba harsashin gaske sama don murna ya tuna cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma a kan wani zai faɗo.

Abin da za ki sa a jakar ɗanki

In yamma ta yi a Bisley akan sauke jan tuta, ƙara ta ɗauke, sai kukan tsuntsaye daga dajin bayan ganuwa. Maharba na layi a bakin famfo suna wanke hannu, tsoho ɗan shekara 70 da yarinya 'yar sakandare. Yawancinmu ba za mu taka wurin ba, kuma ba lallai ne mu taka ba. Horon soja ma ya bambanta da wasan kulob, yana da nasa dokoki da nasa malamai, kuma ba uwa ce za ta tsara musu ba.

Abin da ke hannunki shi ne jaka da waya. In kina haɗa wa yaro kayan tafiya, a gefen garin kwaki da ƙuli-ƙuli da man zafi ki jefa masa ƙullin soson kunne, irin wanda ake samu a shagunan kayan aikin gini da wasu kemis, da tabarau na kariya, da sabulu. In malamansa sun ba shi nasu, falillahil hamdu, in ba su ba shi ba ya nemi izini ya sa naki. In ya kira ki bayan ranar harbi, bayan kin tambayi ko ya ci abinci, ki tambaye shi ko kunnensa na ƙugi, in ya ce e ki matsa masa ya je asibitin bariki tun da wuri. Zai iya yin dariya ya ce Umma ke nan, soja ba ya tsoron ƙara. Ki bar shi ya yi dariyarsa, ki sake faɗa masa gobe, domin Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Iyayen da 'ya'yansu suka riga suka bi ta wannan hanya, muna son jin abin da kuka gani da shawarar da za ku ba na baya. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya dawo da kowane ɗa gaban uwarsa lafiya, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.